Amsoshin Tambayoyinku: Keken Ɗinkin Mahaifina Ya Daskare, In Gyara Ko In Sayar Wa Mai Neman Makuri?

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne a garin Birnin Gwari. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne a wani ƙauye ta wajen Dogon Dawa. Da zama ya gagara muka kwaso ya-namu-ya-namu muka dawo cikin gari, har da kekensa na ɗinki, baƙi, ƙirar Singer, irin wanda ake takawa da ƙafa. A hanya ƙafar keken ɗaya ta tsage. Tun daga lokacin yana jingine a ɗakin ajiya tare da buhunan masara da na takin zamani. Yanzu wilin ko motsi ba ya yi, tsatsa ta kama farantin allura, gara ta ci rabin teburin. Ina so in tayar da shi da hannuna, ba don in zama tela ba, sha'awa ce kawai. Abokaina na yi mini dariya, ƙanena kuma ya ce in rabu da su, ai a Amurka ma akwai magidanta masu gyara tsofaffin injinan wanke kwanuka don nishaɗi. Ga kuma wani mutum da ke ta zarya gidana yana so ya saya, wai akwai jan makuri a ciki. Shin keken zai gyaru? Ta ina zan fara? Maganar makurin gaskiya ce?

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa, ya kuma zaunar da ƙasarku lafiya.

Bari in fara da mai makurin, tunda shi ne ke tsaye a ƙofar gida. Babu makuri a cikin keken ɗinki, ja ko fari. Kan keke zubin baƙin ƙarfe ne, cikinsa sanduna ne da gaɓoɓi, kuma idan ka kifa shi ka leƙa za ka ga komai a fili, babu wani lungu da aka toshe don a ɓoye ruwa. Wannan jita-jita ba a Birnin Gwari aka haife ta ba. A 2009 ta game Saudiyya, har jaridu suka ruwaito ana taya tsohon keken Singer riyal 200,000, ana fasa shagunan teloli ana sacewa. Mutane suna kara wayar hannu kusa da allura, wai idan sabis ya ɗauke to makurin na nan. Jami'an tsaron ƙasar suka ce damfara ce. Makurin gaske, wato zaiba, ku mutanen Birnin Gwari kun fi ni saninsa: shi ne farin ruwan nan mai nauyi da masu haƙar zinare ke kama garin zinare da shi. Guba ne, musamman hayaƙinsa idan an ƙona, kuma babu abin da ya haɗa shi da ɗinki.

Masu wannan harka sukan taya kuɗin da zai ruɗa ka, sannan su ce sai ka biya kuɗin gwaji, ko su tafi da keken a gwada a wani gari, shi ke nan an yi sallama da shi. Wani kuma shi ma ruɗarsa aka yi, zai sa guduma ya farfasa kan yana neman abin da babu. Ka sallami mutumin cikin mutunci, ka ce kayan gado ne ba na sayarwa ba. Kada ka bari maganar ta yi tsawo a unguwa, don a wuri irin naku zancen wai wane yana ajiye da abin miliyoyi kan jawo baƙin da ba a gayyata ba. Ka kuma sani cewa ko bayan ya gyaru, kuɗinsa a kasuwa kuɗin keke mai aiki ne kawai. Kamfanin ya ƙera irinsa miliyoyi.

To, zai gyaru? Ina kyautata zaton zai gyaru, muddin kan bai tsage ba. Irin waɗannan kekuna da wuya zama ya kashe su. Abin da ya fi kashe su hannun mai gaggawa ne: wanda ya ɗaura sifana a wili ya murɗa da ƙarfi, da wanda ya ɗura man gyaɗa, da wanda ya kai wa mai fentin mota.

Kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, ka san wane keke ne a gabanka. Ka goge kusurwar dama ta gaban shimfiɗar keken, za ka ga lamba a buge cikin ƙarfen, galibi da harafi ɗaya ko biyu a farkonta. Yawancin tsofaffin Singer da suka shigo ƙasashen da Ingila ta mulka an ƙera su ne a masana'antar Kilbowie da ke Clydebank a Sikotlan, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1880 aka rufe ta a 1980. Shi ya sa ake ganin K a sunan samfurin, kamar 15K ko 99K. Lambar da ta fara da Y ta faɗo tsakanin farkon shekarun 1920 da 1935, daga nan aka koma haruffa biyu masu farawa da E. Idan ka ga tambari mai shuɗin baki ɗauke da 1851 da 1951, na bikin cikar kamfanin shekara 100 ne, don a 1851 Isaac Singer ya yi rajistar ƙirarsa. Idan kuwa ba ka ga irin wannan lamba ba, mai yiwuwa kwaikwayo ne aka liƙa wa sunan, kuma wannan ba abin ɓacin rai ba ne, gyaran duk ɗaya ne.

Sai ka dubi inda maɗaurin zaren sama yake, wato 'yan faya-fayan nan biyu da zare ke ratsawa ta tsakaninsu, masu noti a kai. Idan yana manne a fuskar keken ta hagu, yana kallon gefe ba yana kallonka ba, kuma kwarkwaron yana shiga gidansa a tsaye ta ƙarƙashi, to samfuri na 15 ne, kuma ka taki sa'a. Asalin wannan zubi tun 1879 ne. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanonin Japan suka kwaikwaye shi, Indiya ta yi nata, Butterfly ta Shanghai da ta cika shagunan telolinmu ita ma shi ta kwaikwaya. Don haka kwarkwaro da gidansa da allura da bel da robar naɗin zare, duk wanda ke sayar da kayan teloli a Funtuwa ko Kaduna yana da su. Idan kuwa ka ga doguwar ƙoshiya mai kai da komo a kwance, da siririn kwarkwaro dogo, to na 27 ko 28 ne ko 'yan uwansu. Wannan kada ka yar da ko tsinkensa, don kayansa sai an tona.

Abu na farko da za ka yi yau, ka fitar da shi daga ɗakin nan. Takin zamani gishiri ne mai jan laima, kuma ƙarfen da ya yi maƙwabtaka da shi tsatsa ke cinye shi. Ga daminarku ta fi ta Kano da Katsina tsawo da laima. Ina jin buhunan takin sun fi shekarun zaman yi masa illa.

Ka raba kan da teburin, ka ɗora shi a kan tsohon buhu a inda akwai haske da iska, nesa da murhu da yara. Ka tanadi kananzir mai kyau, man keke, tsohon buroshin haƙori, tsummoki masu laushi, sukudireba babba da ƙarama, da faranti mai zurfi na zuba ƙusoshi. Maganar sukudireba ba ƙarama ba ce. Bakinta ya cika tsagar ƙusar daidai, in bai cika ba ka goga shi a dutse har ya zauna, in ba haka ba sai ka cinye tsagar ka bar ƙusar a ciki. Ƙusoshin Singer kuma ƙirar zarensu ta kamfanin ce, ba za ka samu madadinsu wajen mai sayar da noti ba, don haka kada ɗaya ta faɗa cikin ƙasa. Duk abin da za ka kwance ka fara ɗaukar hotonsa da waya.

Cire allura, cire farantin allura, zare gidan kwarkwaro. Daga nan ka buɗe zoben da ke riƙe da ƙugiya, ƙarfen nan mai kama da rabin wata da ke kai da komo yana cafkar zare, ka fito da ita. Ka duba hanyarta da kyau. Sau da yawa keken da aka ce ya daskare, guntun zare ne da bai kai tsawon farce ba ya maƙale a wannan hanya, ya haɗu da ƙura da tsohon mai ya zama dutse. Ka ƙwaƙule shi da tsinken tsintsiya, ba da ƙarfe ba. Tsakanin haƙoran da ke jan yadi ma za ka tarar da auduga ta danƙare ta yi tauri kamar bargo, ita ma ka fitar. Ka taɓa wilin. Wani lokaci a nan maganar take ƙarewa.

Idan har yanzu ya ƙi, to tsohon mai ne ya bushe ya zama ƙaro a cikin gaɓoɓi. Buɗe murfin fuska da zagayayyen murfin baya, ka kifa kan, ka ɗiga kananzir a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe da duk ƙananan ramukan zuba mai da ke sama. Ka fi ba sandar allura muhimmanci, wajen da take shiga ramukanta na sama da na ƙasa, don nan ne ta fi kamewa. Ka lulluɓe shi da tsumma ka ajiye a rana na ɗan lokaci ƙarfen ya yi ɗumi, sannan ka riƙe wilin da hannu ka rinƙa girgiza shi gaba da baya a hankali. Ranar farko ba lalle ka ji komai ba. Kashegari ka ƙara kananzir ka sake. Wata rana za ka ji ya ɗan motsa kamar faɗin ƙwayar gero, ka ga baƙin ruwa yana tsattsafowa daga gaɓoɓin. Daga nan kullum motsin ƙaruwa zai yi. Yana iya ɗaukar mako, yana iya fi. A nan ne sha'awa ta fi sana'a riba, don bakanike mai jiran kuɗin cefane ba zai iya jiran mako ba, kai kuwa ba wanda ke jiran ɗinkin salla a hannunka.

Da ya fara juyawa sosai ka goge kananzirin, don shi wanki yake yi, ba ya zama a matsayin mai. Ka bi ko'ina da ɗigo ɗaya na man keke, farin nan mara kauri. Ban da man gyaɗa, ban da manja, ban da man kaɗe. Man girki yakan yi santsi wata guda, daga baya ya yi yauƙi ya daskare, kuma ina zargin shi ne ya kashe kekuna da yawa a ƙauyukanmu. Baƙin man mota kuma ya yi kauri, ga ɓata yadi.

Ƙananan ƙarafa masu sheƙi da ka cire, irin su farantin allura da 'yar ƙafar danne yadi da faya-fayan maɗauri, ka jiƙa su cikin ruwan tsamiya ko na lemun tsami na 'yan sa'o'i, ka goge da buroshi, ka ɗauraye, ka busar nan take, ka shafa mai. Kada su kwana biyu a ciki, tsamin zai ci har lafiyayyen ƙarfen. Bakin ƙugiya kuwa ka shafa shi da yatsa. Idan ka ji kaushi, ka goga da samfefa mafi laushi da ɗan mai, kaɗan ƙwarai, don idan tsinin ya dakushe keken zai rinƙa tsallake ɗinki.

Yanzu ga inda nake da tsauri, wato fenti. Kada ka sake masa fenti. Baƙin da ke jikinsa gasa shi aka yi a tanda, aka ɗora zanen ruwan zinare, aka rufe da shalak, wani ƙaro da ake samu daga jikin ƙwari a Indiya. Sifirit yana narkar da shalak, omo da soson ƙarfe kuma suna mayar da zanen zinaren fari fat, kuma ba ya dawowa. Man keke a tsumma mai laushi shi ne sabulunsa, ka shafa ka bari ya kwana ka goge, datti zai rinƙa fita sannu a hankali. Za ka ga gaban shimfiɗar zanen ya goge har baƙin ya dusashe, daidai inda yadi ke wucewa da inda hannun hagu ke sauka. A wuyan keken ma mai yiwuwa ka ga ƙananan karce, inda teloli ke ɗaura tsumma suna soke allurai. Wannan aikin mahaifinka ne ya bar su, kuma a ganina wanda ya shafe su da fentin gwangwani ya rage wa keken daraja. Tsumman dai ka kwance shi, shi ma yana riƙe laima.

Ƙafar da ta tsage ita ce ba aikinka ba. Zubin ƙarfe ne, kuma idan mai walda ya ɗora masa wayar walda ta ƙofa da taga, gefen ɗinkin zai sake tsagewa da zarar ya huce. Ka tambaye shi tun farko ko yana da wayar waldar zubi. Wanda ya san aikin zai fara ɗumama wurin, ya yi waldar gajere-gajere, sannan ya binne ƙafar cikin toka ko yashi ta huce a hankali. In ba ka samu irinsa ba, a huda a ɗaure da faffaɗan ƙarfe da noti ta baya, ba kyau amma yana riƙewa. Ko kuma, idan hanyar Kaduna tana biyuwa, ka leƙa Panteka, ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano. 'Yan gwangwan sukan samu ƙafafun keke da ma kawunan da suka mutu. Idan ka samu mataccen kai irin naka da araha ka saya, rumbun ƙusoshi ne.

Tebur kuwa aikin kafinta ne, amma ka kai masa ragowar tsohon ya kwafi ramin da kan ke zama da ramukan bel, kuma ka cire hinjin ƙarfen ka adana. Ba sai an sare maka sabon itace ba. Dajin Kamuku da ke bayanku an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, kuma doka da maje da maɗacin yankin sun sha gatarin masu katako da gawayi ya ishe su. Ɗanyen katako ma lanƙwashewa yake yi idan hunturu ya busa, sai kan ya ƙi zama daidai. Tsohuwar ƙofa ko tsohon benci da ya shekara da bushewa ya fi.

Bel na fata ne, zagayayye. Ka yanka shi daidai, ka huda bakin biyu, ka haɗa da ƙugiyarsa. Kada ya yi tsauri, in ya yi tsauri takawa za ta yi nauyi. Ka sa mai a gaɓoɓin feda da na babban wilin ƙasa.

Sai gwajin ɗinki, kuma nan ne mutane ke karaya alhali sun kusa. Ka sayi sabuwar allura ta keken gida, mai gefe ɗaya a baje, wadda ake rubuta HAx1 ko 15x1 a takardarta, lamba 14 don atamfa da shadda, 16 ko 18 don kaki. Allurar manyan kekunan lantarki zagayayya ce, ba taka ba ce. A tsofaffin 15 da kwaikwayonsu irin Butterfly, gefen da ke baje yana kallon dama, zare ya shiga daga hagu, kuma ɗan yatsan gidan kwarkwaro yana nuna ƙarfe 1 na agogo. A wasu na baya, irin 15-88 da 15-91, akasin haka ne: baje yana kallon hagu, zare daga dama, yatsan yana nuna ƙarfe 11. Ka dubi tsagar da yatsan ke shiga kafin ka sayi sabon gida, don na wannan ba ya zama a wancan. Juya allura baibai ya sa an yanke wa kekuna da yawa hukuncin mutuwa.

Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, kada ka zargi kwarkwaro, laifin na sama ne: ko zaren bai shiga tsakanin faya-fayan ba, ko tsatsa ta hana su matsewa, ko siririn sifirin ɗin da ke gefensu ya karye. Ka rinƙa sa zare 'yar ƙafar tana ɗage, don a lokacin ne faya-fayan ke buɗewa. Na ƙasa kuma gwajinsa sauƙi ne: ka riƙe bakin zaren ka bar gidan kwarkwaron yana lilo, ka ɗan girgiza hannu. Ya kamata ya zame kaɗan ya tsaya. In ya zube ƙasa ka matse 'yar ƙusar jikinsa kaɗan, in ya ƙi motsi ka sassauta. Idan duk ka yi wannan yana tsallake ɗinki, mai yiwuwa sandar allura ta goce daga tsayinta. Bakin ƙugiya ya kamata ya wuce daf da saman kafar allura a lokacin da allurar ta fara tasowa da kamar milimita 2 da ɗoriya. Wannan saiti ka kai wa tsohon mai gyaran keke a kasuwa, ka zauna kusa da shi ka gani da idonka, ka biya shi haƙƙinsa.

Maganar ƙanenka gaskiya ce. A Amurka wata mata, Josephine Cochrane, ta yi rajistar injin wanke kwanuka a 1886, ta nuna shi a bajekolin Chicago a 1893, kamfanin Hobart kuma ya fito da na gida da sunan KitchenAid a 1949, kuma akwai masu farautar irin waɗannan tsofaffin injina suna tayar da su. Sai dai wahalarsu ta fi taka. Robobin da ke tare ruwa sun bushe sun farfashe, famfo da agogon saiti an daina ƙera su, sai su sayi injin biyu ko uku kafin su tayar da ɗaya. Irin wannan inji a Birnin Gwari, inda yake buƙatar ruwan famfo mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa, ko ya gyaru akwatin ajiye kwanuka zai zama. Naka ba ya neman wuta, ba ya neman ruwa, kayansa na kasuwa har gobe. Abokanka kuwa ka ƙyale su, ranar da wandon ɗayansu ya yage za ka gan shi.

Bayan ya tashi kada ka mayar da shi ado. Ko da sau ɗaya a mako a taka shi, a ɗiga masa mai duk wata, a bar guntun yadi a ƙarƙashin 'yar ƙafar ya tsotse rarar man. Ka ɗinka masa riga ta yadin auduga saboda ƙurar hunturu, ban da leda, don leda na tara gumi da damina. Ƙafafun kuma a ɗora su a kan katako ko bulo idan ɗakin ba siminti. Idan ka samu lambar nan ta kusurwa, ka aiko mana da ita tare da haruffan farkonta, mu duba maka shekarar da aka ƙera shi.